Haƙoran Keke da na Babur

Yau zancenmu a kan haƙoran nan ne da sarƙar keke ta ke bi.

Kowa ya san hanyar da ta taso daga Samaru, ta bi ta Kwangila, ta shiga Sabon Gari. Sai ka ga mutum biyu sun kamo ta da keke iri ɗaya, kowanne da buhun masara a baya. Ɗaya ya isa kasuwa garau, ɗaya kuwa gwiwarsa ta yi tsami, ko ɗan hawa ya tarar sai ya sauka ya tura. Mutane su ce wancan ya fi shi ƙarfi. Sau da yawa bambancin yana wurin haƙora.

Keke yana da faifai biyu masu haƙora, babba wurin feda, ƙarami a ƙafar baya. Ka sami alli ka shaida haƙori guda, sa'an nan ka ƙidaya har ka komo kansa. A ce na gaba 48 ne, na baya 16. Raba 48 da 16, ka sami 3. Watau in feda ta zaga sau ɗaya, ƙafar baya ta zaga sau uku. Ƙafar babban keke irin Raleigh inci 28 ce, zagayenta guda ya kan ci ƙasa wajen mita 2 da ɗan ɗori, saboda haka kowane zagayen feda ya kai ka mita 6 da rabi. Gudu ke nan, amma da nauyin takawa.

To, in ka sa mai 24 a baya, ƙafa sau biyu kaɗai za ta zaga, mita 4 da rabi bai cika ba. Tafiya ta ragu, amma nauyin da gwiwa ta ke ji ya ragu da sulusi. Samari su kan so ƙaramin domin tsere. Ni dai, mai ɗaukar kaya kullum, mai 20 ko 22 na ke ba shi shawara.

Babur kuwa nasa a juye ya ke, ƙaramin a gaba wurin inji, babban a baya, gama inji ya fi ƙafa saurin juyi nesa. In na gaba 14 ne, na baya 42, sai ƙaramin ya zaga sau uku kafin ƙafa ta zaga sau ɗaya. Ɗan acaɓan da ya sa 15 a gaba zai ji inji ya lafa a kan miƙaƙƙiyar hanya, amma in ya ɗauki mutum biyu a cunkoson Sabon Gari, tashi zai yi masa wuya.

In za ka sake faifai, ka tafi wa mai gyara da lissafinka a rubuce. Babban faifai ya kan bukaci a ƙara tsawon sarƙa. Kuma kada ka yarda a ɗora tsohuwar sarƙa da ta saki a kan sababbin haƙora, nan da nan za ta cinye su.