HAƘƘIN MAI SAYE A KASUWAR INTANET: ABIN DA SHARI'A TA BA SHI DA ABIN DA DOKAR ƘASA TA TANADA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta wa bayinSa ciniki, Ya kuma ɗora musu tsayar da ma'auni bisa adalci. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda mutanen Makka suka shaide shi da gaskiya da riƙon amana a fatauci tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya tara mu yau shi ne wata kasuwa wadda ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, kuma tana ci dare da rana, wato kasuwar intanet. Matan aure suna sayen atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram suna cikin ɗakunansu, samari suna odar waya da takalma, 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da Sabon Gari suna saro kaya daga Sin da Dubai ba tare da sun taka ƙafa can ba. Babu shakka wannan sauƙi ne daga Allah. Sai dai koke-koken da muke ji sun yi yawa: wannan ya tura kuɗi kaya bai zo ba, wancan kaya ya zo amma ba shi ne na hoto ba, wani kuma ya sami aibi, da ya yi magana aka ce masa kayan da aka saya ba a mayarwa. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa sukan ce sun bar wa Allah, alhali kuwa Allah ɗin da suke bar wa Ya riga Ya ba su haƙƙi, ba su dai san shi ba ne.

HUKUNCIN WANNAN CINIKI

Kada wani ya ɗauka cewa malamanmu ba su san irin wannan mu'amala ba. Wanda ya saya ta intanet bai taɓa kaya ba, siffa aka yi masa ya yarda da ita. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira sayen abin da ba ya nan bisa siffa, kuma mazhabar Malikiyya ta halatta shi. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yi magana a kan sayen dilar tufafi bisa takardar da ta ƙunshi adadin kayan da siffarsu ba tare da an kwance ta ba, Risala ta Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ita ma ta kawo wannan mas'ala. Sharaɗin shi ne siffar ta zama bayyananna, kuma idan kaya ya zo ya dace da ita ciniki ya tabbata, idan ya saɓa mata mai saye yana da damar mayarwa. Har ma Risala ta hana a shardanta biyan kuɗi tun farko a kan wani kaya ayyananne da yake nesa wanda zai iya canzawa kafin ya iso. Ku duba hikimar wannan, sannan ku kwatanta da tsarin biya bayan kaya ya zo hannu da wasu shaguna suke yi a yau.

A zamaninmu kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na shida da ta yi a Jidda a 1990, ta yanke cewa ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa na zamani, har da kwamfuta, ya inganta, ta keɓe ɗaurin aure da canjin kuɗi da cinikin salam saboda sharuɗɗansu na musamman. Saboda haka asalin wannan kasuwa halal ne. Abin da yake ɓata ta shi ne abin da yake ɓata kowace kasuwa: algus, da ƙarya, da cin amana.

ZAƁIN DA SHARI'A TA BA MAI SAYE

Na farko, zaɓin aibi. Duk wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da yake tare da shi tun a hannun mai sayarwa, kuma ba a nuna masa ba, yana da damar mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannunsa a ciki ya ji danshi, mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. To, ina bambancin wannan da wanda ya ɗauki hoton waya ta gefen da ba ta fashe ba, ko ya sa wa hoton shadda hasken da ya sauya mata launi?

Na biyu, zaɓin wanda aka yaudara. Larabawa sukan bar nono ya taru a hantsar tunkiya ko taguwa kwanaki kafin a kai ta kasuwa don a zaci mai yawan nono ce. Annabi (S.A.W.) ya hana wannan, ya ba wanda ya saya zaɓin kwana uku, in ya so ya riƙe, in ya so ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Ku lura da adalcin Musulunci: an kare mai saye, kuma ba a bar mai sayarwa ya yi hasarar nononsa ba.

Na uku, zaɓin sharaɗi, wato ɓangarorin biyu su yi yarjejeniya cewa akwai wani wa'adi da za a iya warware ciniki a cikinsa. Idan shago ya rubuta cewa ana iya mayar da kaya cikin kwana bakwai, wannan alkawari ya hau kansa, cika shi wajibi ne. Turawa sun zo sun tsara makamancin wannan, domin dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta ba mai saye daga nesa kwana 14 ya fasa ko da kayan ba shi da aibi. Mu kuwa asalin abin yana cikin littattafanmu sama da shekara dubu.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA TANADA

A 1992 gwamnatin soja ta yi dokar kafa majalisar kare masu saye. Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta maye gurbinta, ta kafa hukumar FCCPC da kuma kotu ta musamman mai sauraron ƙararraki a wannan fanni. Dokar ta shafi mai rumfa a kasuwa, ta shafi mai talla a waya. Daga cikin abin da ta tanada:

1. A bayyana wa mai saye farashi da siffar kaya cikin harshen da zai fahimta, ba tare da yaudara ba.
2. Idan kaya na hannu ne ko gyararre, dole a faɗa.
3. Sashe na 122 ya ba wanda bai sami damar duba kaya kafin a kawo masa ba ikon ƙin karɓa da neman cikakken kuɗinsa idan kayan ya saɓa wa siffar da aka yi masa, muddin bai yi jinkiri ba.
4. Sashe na 132 ya ba mai saye wata uku daga ranar da kaya ya zo hannunsa ya mayar da shi idan ba shi da ingancin da ya kamata, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa, kuma ɗawainiyar mayarwa tana kan mai sayarwa.
5. Duk sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙinsa na mayar da kaya mai aibi ba shi da ƙarfi a gaban doka.

Ashe ke nan rubutun nan da muke gani a ƙasan rasit ko a saman shafin talla, cewa ba a mayar da kaya, ba ya kare mai algus a kotun ƙasa, balle a kotun Allah. Akwai kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wadda ta shafi masu damfara, da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 wadda ta taƙaita yadda shago zai yi amfani da lambar wayarka da adireshin gidanka. Duk abin da ya dace da adalcin da Shari'a ta zo da shi a cikin waɗannan dokoki, babu laifi Musulmi ya nemi haƙƙinsa da shi.

YADDA AKE NEMAN HAƘƘI

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, magana take a kan rubuta bashi da kafa shaida a ciniki. Saboda haka matakin farko shi ne ajiye hujja: hoton tallar kamar yadda aka sa ta, saƙonnin da aka yi musaya, shaidar tura kuɗi, da hoton kayan a lokacin da aka kwance shi. Sannan a fara tuntuɓar mai kaya a rubuce, cikin ladabi, domin sulhu alheri ne kuma kuskure yana yiwuwa. Idan ya ƙi, a kai ƙara ga shagon da ya ba shi wurin talla, sannan ga FCCPC ko hukumar kare masu saye ta jiha inda akwai ta, kamar Kano da Legas. Idan kuwa damfara ce tsagwaronta, a sanar da banki nan take, domin kowace sa'a da ta wuce tana ba ɓarawo damar kwashe kuɗin, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. In banki ya yi biris, Babban Bankin Nijeriya yana da sashen sauraron koken masu ajiya.

Yafiya abu ne mai kyau, kuma mai yafewa yana da lada. Amma mu rarrabe tsakanin ɗan'uwan da ya yi kuskure sau ɗaya da wanda ya mayar da cuta sana'a. Shirun da ka yi wa na biyun shi ne zai ba shi damar cutar wata marainiya da ta tara kuɗin kayan ɗakinta gobe. Hana shi yana cikin hani da mummuna, kuma taimako ne gare shi kansa.

GARGAƊI GA MASU SAYARWA A CIKINMU

Ya 'yan'uwa, kada mu zauna muna kallon kanmu a matsayin waɗanda ake cuta kawai. Da yawa daga cikinmu da iyalanmu masu sayarwa ne. Wanda ya ɗauko hoton kayan wani ya ce nasa ne, ya karɓi kuɗi alhali bai san ko zai same shi ba, ya tuna cewa Annabi (S.A.W.) ya hana Hakimu ɗan Hizam (R.A.) sayar da abin da ba ya wurinsa. Mafita tana nan: ko dai ka faɗi gaskiya cewa kai dillali ne ko wakili mai karɓar la'ada, ko ka bi ƙa'idar salam, inda ake ayyana siffa da adadi da ranar kawowa. Wanda kuma yake sa abokansa su rubuta yabon kayan da ba su taɓa saye ba don jawo masu saye, aikinsa ɗan'uwan najashi ne, wato ƙara farashi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani, wanda hadisi ya hana. An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya hana wanda bai san hukuncin addini ba sayarwa a kasuwar Musulmi. Mutanen Madyana kuwa, tauye mudu yana cikin abin da ya jawo musu halaka bayan Annabi Shu'aibu (A.S.) ya yi musu gargaɗi.

Haka nan mai saye yana da nasa nauyin. Wadda ta yi odar kaya, ta sa shi a biki, sannan ta mayar ta ce bai yi ba, ta ci haram. Wanda ya tura shaidar biya ta ƙarya ɓarawo ne. Wanda ya sa aka ɗauko kaya daga Legas zuwa Sakkwato sannan ya kashe wayarsa ya cuci ɗan'uwansa.

Muna kira ga rassanmu da su sanya babin ciniki a cikin karatun masallatai da makarantun matan aure, su kuma kafa kwamitin sulhu na mutanen da suka san fiƙihu da waɗanda suka san doka, domin wanda aka cuta ya sami inda zai kai kukansa kafin a kai ga kotu. Muna kira ga hukumomi da su yaɗa waɗannan dokoki da Hausa a gidajen rediyo, domin haƙƙin da mai shi bai sani ba tamkar babu shi ne.

Muna roƙon Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya sanya albarka a cikin sayenmu da sayarwarmu, Ya tashe mu tare da 'yan kasuwa masu gaskiya da amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.