Zangon Masu Shata Iyaka: Jawabin Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

Shugaban taro, iyayenmu dattawan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa na Najeriya da na Nijar, barkanmu da ganin wannan rana.

Kullum muna ƙetare iyaka a Illela da Ƙonni, a Jibiya da Ɗan Isa, a Kwangwalam da Maigatari. Ya kamata mu san yadda aka shata ta.

Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Turawa biyu suka bi ƙasa tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Manjo O'Shee ne jagoran na Ingila, Kyaftin Tilho kuwa na Faransa. Alamomi 148 suka kafa, har yau a wasu ƙauyuka ana kiran ƙarafan da suka bari tangaraho.

To, yaya zaman zangonsu yake? Kamar na fatake. Inda rijiya take, nan ake sauke kaya a kafa tanti. Raƙuma da takarkarai da 'yan alabaro ke ɗaukar kayan awo da guzuri. Gero da nama da itacen girki daga hannun mutanen gari ake samunsu. Da rana a zauna da sarki da masu gari, tafinta na tsakani, ana tambayar wane ƙauye ke bin wane sarki. Da dare Bature ya auna taurari da agogo don ya san inda yake a taswira. Tafintan Faransawa, Landeroin, a wannan tafiya ya tattara tarihin sarakunan Gobir da Katsinan Maraɗi da Damagaram.

Ruwa ma shi ya sa aka sake shata iyakar. Yarjejeniyar 1898 ta bar Faransawa ba hanya mai rijiyoyi zuwa Zinder, sai da aka gyara a 1904.

'Yan uwa, hanyar kakanninmu suka bi, rijiyoyinsu suka sha. Hanya ta girmi iyaka. Mun ga yadda kasuwanni suka mutu da aka rufe boda a 2019, aka kuma rufewa a 2023. Saboda haka mu riƙe takardunmu cikakku, mu guji fasa-ƙwauri, mu je gaban hukumomin ƙasashen biyu da murya ɗaya kan yawan shingaye.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalamu alaikum.