Wane Albam Ke Kunnenka? Rubutaccen Shirinmu na Wannan Mako

Masu jinmu a cikin adaidaita sahu, da masu jinmu a ɗakunan kwanan ɗalibai, da waɗanda tsadar data ta sa suke jiran a rubuto su karanta, duka ina gaishe ku. Yau za mu ɗan sarara da maganar katin zaɓe da kasafin kuɗi da muka shafe makonni muna yi. Waƙa za mu taɓa. Amma kada wani ya miƙe ƙafa ya ce yau hutu ne, don kafin mu tashi maganar haƙƙi za ta sake biyo mu har nan.

A makon jiya na bar muku tambaya: wane albam kuke ji kwanan nan? Amsoshi sun zo da yawa, na gode ƙwarai. Ga abin da na lura da shi. Mafi yawanku sunan waƙa ɗaya kuka ba ni. Wasu ma ko sunan waƙar ba su sani ba, sai dai "wannan da ake hawa a TikTok". Akwai wanda ya rera min amshi a saƙon murya, ya ce don Allah in binciko masa mai ita. Waɗanda suka kama sunan albam sukutum, suka ce ga waƙar da ta buɗe shi, ga wadda ta rufe shi, ba su da yawa.

To me ya sa wannan ya dame ni? Saboda albam magana ce mai farko da ƙarshe. Mawaƙi ya zauna ya jera waƙoƙi goma ko sha biyu, ya zaɓi wadda za ta yi sallama, ya zaɓi wadda za ta sa ka yi shiru a tsakiya. Idan ka tsinci daƙiƙa ashirin daga ciki ka tafi, kamar ka shiga wa'azi ne ka ji "amin" ka fito, ka ce ka halarta.

Ku tambayi iyayenmu zamanin kaset. Kaset mai minti 60 yana da gefe biyu, kowanne minti 30. Ba a tsallake waƙa da yatsa ɗaya. In kana so ka koma baya sai ka jira, ko ka zura biro ka juya don kada batir ya ƙare. Dole ta sa suka iya haƙurin sauraro, shi ya sa dattijo zai kawo maka Bakandamiyar Shata tun daga kai har gindi, ya kuma gaya maka wa ake nufi a kowane ɗa. Ko a namu zamanin, mun ga lokacin da matasa ke ɗokin shigowar sabuwar shekara don Nura M. Inuwa zai saki albam, a kwana ana musu a majalisa kan wace waƙa ta fi. Wannan musun shi ne nake jin yana mutuwa.

Bari in ba ku abin da ke kunnena, in haɗa da wasu da kuka aiko.

Na farko, Afrique Victime na Mdou Moctar, wanda ya fito a 2021. Mdou Buzu ne daga Jamhuriyar Nijar, da hannun hagu yake kaɗa jita, yawancin waƙoƙinsa da Buzanci yake yinsu. Sunan albam ɗin kaɗai ya gaya maka inda aka dosa: Afirka ce ake zalunta. Ya ƙara da Funeral for Justice a 2024, inda ya fuskanci Faransa kai tsaye, ya kuma yi kira ga mutanensa kada su bar harshensu ya ɓace. Ka tuna wannan mutum ya fito ne daga ƙasar da aka shafe shekaru sama da 50 ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Turai, alhali ƙauyukanta da yawa ba su da wutar lantarki. In ka san haka, ko ba ka jin kalma ɗaya ta Buzanci, za ka gane abin da ya sa jitar take kuka haka.

Ga inda labarin ya shafe mu. Albam ɗin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon sutudiyonmu na waƙoƙin fim, har da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da memori, har ya ratsa Sahara. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga waƙoƙin a wayoyin mutane, ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙi mai suna Music from Saharan Cellphones, ya kuma bi sawun mawaƙan don a biya su. Yau Mdou yana cika dandali a Amurka da Turai. Ku riƙe wannan labarin, za mu dawo kansa.

Na biyu, wata 'yar uwa daga Maraɗi ta ce ita Kaani take ji, na ƙungiyar Tal National ta birnin Yamai, wanda ya fito a 2013. Zaɓi mai kyau. Waɗannan mutane suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma jagoransu alƙali ne da rana, makaɗin jita da dare. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma matashin Kano zai lissafa maka mawaƙan Koriya ta Kudu, bai taɓa jin sunan Tal National ba.

Na uku, wani ɗan uwa daga Bauchi ya ce shi ya koma wajen tsofaffi, Ɗanmaraya Jos yake ji. Ai da tsohuwar zuma ake magani. Mutum ɗaya, kuntigi mai tsirkiya ɗaya, amma ya ɗauki karen mota, wanda kowa ke rainawa a tasha, ya yi masa waƙar da har yau ake tunawa. Mu da ke kiran kanmu masu fafutuka, akwai darasi a nan: ya yi maganar talaka ba tare da taron bita ko allon sanarwa ba. Ɗanmaraya ya rasu a 2015. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta yi ta zaburar da mata kan neman na kai da kiɗan ƙwarya, ta rasu a 2013. Shata ya rasu a 1999. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu: a ina cikakkun ayyukansu suke, a jere, da kwanan wata, da sunayen 'yan amshi? Abin da muke samu a intanet yawanci kwafin kwafi ne daga tsohon kaset, murya na rawa, wani ya manna hoton da ba nasu ba.

Kuma ga abin da zai ba ku haushi, ko kunya. A 2013 wannan kamfani na Sahel Sounds ya fitar da wani faifai mai suna Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a kan faifan garmaho, da bango mai kyau da sunayen mawaƙa. Ana sayar da shi a shagunan ƙasashen waje. Waƙoƙin da wasunmu ke yi wa kallon shirmen soyayya, wani ya ga sun cancanci a adana su. Ba laifinsa nake gani ba. Ina tambaya ne, mu me muke jira?

Yanzu mu zo kan kuɗi, don a nan gizo ke saƙa. Yaya muke samun waƙa? Ka je wajen mai caji ya cika maka memori, ko aboki ya tura maka ta Xender, ko ka sauke daga shafin da ya liƙa sunansa a farkon waƙar da tsakiyarta kamar shi ya rera. A duk hanyoyin nan ko sisi ba ta isa ga mawaƙi. Shi kuwa ya biya sutudiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya mai amshi, ya sayi man janareta. In ya yi waƙa goma bai ga riba ba, me kake tsammanin zai yi? Zai koma inda kuɗin yake: waƙar biki da waƙar ɗan siyasa. Sai mu dawo muna zaginsa, wai mawaƙanmu sun zama 'yan amshin shatan masu mulki, ba mai yi wa talaka waƙa. Wanda ya biya kuɗin kiɗa ai shi ake yi wa kirari. Gwamna ya biya, ɗan takara ya biya, mu da muke so a faɗi damuwarmu mun ce kyauta za mu ji.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ba kai ka gama ba mu labarin Mdou ba? Ba turawar kyauta ce ta fitar da shi duniya ba?" Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan hujja ba. Tura waƙa ta waya ita ce rediyon talaka, ta kai muryoyi inda kamfani bai taɓa zuwa ba. Wanda ke lissafin abin da zai ci da dare, ba zan tsaya masa a ka in ce ya biya kuɗin Spotify ba. Amma ku duba labarin da kyau. Waƙar ta yi shekaru tana yawo, abin da ya sauya rayuwar mai ita shi ne ranar da aka nemo sunansa aka biya shi. Mutum nawa ne waƙarsu ta yi irin wannan yawon a matsayin "Track 05", har yau ba wanda ya san su?

Matsalar suna ta fi cin mata. Waƙar fim za ta yi tashe, kowa ya kira ta da sunan jarumar da ta hau ta, wadda ta rera kuwa ba a ko ambatonta. Muryoyi irin na Maryam Fantimoti da Zuwaira Isma'il da Murja Baba sun raka mu tun muna yara. Mu nawa ne za mu iya cewa wannan waƙar wance ce ta yi?

Doka tana nan. Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, aka sa mata hannu a 2023, kuma ta taɓo abin da ake yi a intanet. Amma doka ba za ta shiga wayar kowa ba. Ɗabi'armu ce za ta yi wannan aikin, don haka ga roƙona guda huɗu.

Ɗaya, a makon nan ka zaɓi albam ɗaya ka ji shi daga farko har ƙarshe, a jere, ba tsallake. Minti 40 ne ko 50, bai kai wasan ƙwallo ɗaya ba.

Biyu, in kana da data, ji daga shafin mawaƙin na ainihi, a YouTube ko Audiomack ko Boomplay ko Spotify. A Spotify sai ka kai daƙiƙa 30 kafin a ƙirga sauraronka, to ka ga mai taɓawa ya wuce bai amfana wa kowa komai ba. Abin da ke shiga kaɗan ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Uku, in dole sai ka tura, tura da suna. Sunan waƙa, sunan mawaƙi, sunan wadda ta yi amshi in ka sani. Wannan ba ya cin ko naira ɗaya.

Huɗu, wanda ke da kwalin kaset na mahaifinsa a ƙarƙashin gado, don Allah kada a zubar, kada a bar wa gara da zafi. Ka nemi mai na'ura a juye su cikin kwamfuta, ka zauna da dattijon ya gaya maka wa ya yi, a ina, don wa. Wata waƙar ƙila kwafinku ne kaɗai ya rage.

Su ma mawaƙan ina da magana da su. Mun san kasuwa na matsa muku ku yi amshin da za a yi rawa da shi a bidiyon daƙiƙa goma sha biyar. Ku yi, ba haram ba ne neman abinci. Amma ku bar mana wani abu da za a iya zama a saurara bayan shekara ashirin, kuma ku rubuta sunan duk wanda ya sa hannu a aikin.

Tambayar makon jiya tana nan, na dai ƙara mata sharaɗi. Ku aiko da sunan albam, da sunan mai shi, da waƙar da ba ta yi tashe ba amma ta fi kama ku, da dalili. Na Hausa ne, na Fulatanci, na Kanuri, na Turanci, na Indiya, duk muna so. Zan karanto wasu a shiri na gaba kafin mu koma kan maganar kuɗin makaranta da na yi muku alkawari.

Allah Ya jiƙan mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa wa masu rai albarka a sana'arsu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.