A Kai Yaran Gwangwan Su Ga Badala

A Istanbul ta Turkiyya 'yan jagora da tarihin garinsu suke cin abinci. Sukan zagaya da baƙi Aya Sofiya, ginin shekarar 537, suna ba da labarinsa daki-daki.

Mu kuwa a Gwangwan, yaro sai ya gama sakandare bai taɓa hawa Dutsen Dala ba. Mukan shiga Kano sayayya, mu wuce Ƙofar Kabuga ko ɗaga kai ba ma yi, alhali badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara 900 baya tana ta zaizayewa. A Ƙofar Mata har gobe marina na tsoma zane a karofi, ya fito shuɗi.

Iyaye da malamai, don Allah a haɗa kuɗin mota wannan hutun, a kai yaran nan su ga badala, a shiga da su gidan tarihi na Gidan Makama a yi musu bayani.