Kalandar da ta ƙi buɗewa

Muna magana ne daga Ainu Shams a birnin Alƙahira, sunan da jami'ar nan da aka kafa a 1950 take amsawa. Yau da masu gina shafukan intanet muke.

Kayan aikinsu irin su Django, da ya fito a 2005, da Laravel na 2011, a can kan sabar suke haɗa shafi, su turo wa wayarka shi a kammale. Amma 'yan abubuwan da kake latsawa, kamar kalandar zaɓen ranar haihuwa a fom ɗin rajista, JavaScript ne ke tayar da su a cikin wayar.

To, a nan ake samun saɓani. Kalandar sau ɗaya take tashi, lokacin da shafi ya buɗe. Da sabar ta sauya wani ɓangare na fom ɗin, sabon akwatin zai zo babu mai kula da shi. Ɗalibi ya yi ta dannawa, shiru. Laifin, a ganina, na maginin ne: kamata ya yi ya sake tayar da ita bayan kowane sauyi. 

A Masar akwai ƙarin aiki, domin Larabci daga dama yake farawa. Yawancin kalandun nan daga hagu aka tsara su, sai an umarce su su juya.