Dala ko sefa? Takardar da ake ba ɗan aiken na'ura



Zan fara da tambaya. In ka shiga kasuwar Cadawa ko ta Gazawa, mai awo ya ce maka tiyar hatsi "ɗari da ashirin", nawa za ka miƙa? Kowa a nan ya sani: sefa 600, don mu da dala muke ƙirga, dala kuwa sefa 5 ce. To baƙon da ya sauka yau fa? Sefa 120 zai ji. Kuskure ninki biyar ke nan.

Wannan baƙon yana hanya, a cikin salularmu. Ƙirƙirarriyar basira ta wuce hira kawai. Yanzu ana aikenta ta duba farashi, ta duba hasashen ruwan sama, har ta tura kuɗi. Amma ita kanta ba ta san farashin yau ba, sai an haɗa ta da kayan aiki, wato ƙananan manhajoji masu ɗauko bayani. Kowane ɗaya yana zuwa da ƴar takarda: sunansa, aikinsa, abin da za a ba shi, da abin da zai maido. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari, MCP, na wannan haɗi, kuma wasu manyan kamfanoni sun karɓe shi. Abin lura shi ne, ɗan aiken ba ya leƙa cikin manhajar. Takardar kaɗai yake karantawa. In ta yi gurgu, aiken ya yi gurgu.

Me ya shafe mu? Muna da SIMA mai tattara farashin kasuwanni, muna da AGRHYMET a Yamai, muna da cibiyar INRAN nan Maraɗi. Ranar da aka jona bayanan irin waɗannan wurare da na'ura mai jin Hausa, kawunka na Agye zai tambaye ta ko ya sayar da ayarsa yau ko ya jira. Amsar da zai samu ta dogara ga layi biyar da wani ya rubuta a ofis, wataƙila bai taɓa riƙe tiya ba.

To yaya ake gane takarda mai kyau? Ga awo huɗu, ba sai ka yi karatun kwamfuta ba.

Na ɗaya, miƙa ta ga wanda bai taɓa ganin manhajar ba. Ya iya faɗin yaushe za a yi aiki da ita, yaushe ba za a yi ba? In mutum ya ruɗe, na'ura ma za ta ruɗe.

Na biyu, ma'auni. Kilo ne, tiya ce, dami ne ko buhu? Tiyar hatsi kusan kilo 2 da rabi ce, buhun kilo 100 kusan tiya 40, amma tiya tana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Sefa ce ko naira, tunda a bakin iyaka duka biyun suna yawo? Kuma farashin na wace rana ne? Na kaka ba na bazara ba ne.

Na uku, sunayen gari. Mu mu ce Gidan Runji, takardar gwamnati ta rubuta Guidan Roumdji. Gazawa kuma sai 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta, a da tana ƙarƙashin Agye. Tsohon bayani zai iya ɓuya a ƙarƙashin tsohon suna.

Na huɗu, kuma shi ya fi tsorata ni: in babu bayani, me za ta ce? Dole takarda ta umarce ta ta faɗi "ban samu ba". In ba haka ba, sai ta ƙaga adadi, ta faɗe shi da ƙarfin hali. Ku kwatanta hakan a kan awon maganin ƙwari.

Ku tuna buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka da masu bincikenmu suka yaɗa tun 2007 don ajiyar wake. Ba raba shi kawai aka yi ba. Ƙauye-ƙauye aka bi ana nuna yadda ake matse iska a ɗaure kowane ruɓi daban, bayan watanni a buɗe gaban jama'a. Bayani aka gwada, ba kaya kaɗai ba.

Ga aikinmu. Duk wanda zai je gida, ya ɗauki tambayoyi goma daga bakin manoma da mata masu sana'a, yadda suka faɗe su, ba gyara. Mu tara su. Duk wani shiri da ya kawo mana irin wannan na'ura, mu ce a nuna mana takardun, mu gwada ta da tambayoyinmu, mu ƙirga kuskure, a gyara, mu sake gwadawa. Kuma a zaunar da mai awo da manomi a wurin rubutun tun farko.

In mun yi shiru, wanda zai biya kuskuren shi ne mai rumbu ɗaya.