Laccar Magatakarda: Ɗaurewar Ƙirji Bayan An Cire Nono



Yau mun ajiye zancen haraji da zaɓe, za mu yi maganar matan da aka yi wa aiki a asibiti aka cire musu nono saboda ciwon daji. Mace ta koma gida, rauni ya kama warkewa, sai ta ji ƙirjinta ya ɗaure kamar an ja mata ɗamara. Wani lokaci tsoka ta murɗe farat ɗaya, tana cikin tari ko miƙa hannu, har numfashi ya tsaya mata. Nan da nan tsoro ya shige ta, ta ce ciwo ya dawo, maƙwabta kuwa su ce iska ce ko sammu. To, jama'a, yawanci ba ko ɗaya daga ciki.

Ga yadda abin yake. Ƙarƙashin nono akwai faffaɗar tsoka wadda ta taso daga ƙashin ƙirji ta kama dantse. Da ita ake daka, da ita ake jan guga. A da, har ita ake yankewa, bisa hanyar da likita William Halsted na Amurka ya bayyana a 1894. Sai a 1948 David Patey na birnin Landan ya nuna ana iya cire nono a bar tsokar, kuma yawancin aikin yau haka ake yinsa. Wannan alheri ne, amma tsokar da aka bari ta sha wuya. An yanke ƙananan jijiyoyi kewaye da ita, tabo ya manne mata, ga shi kuma mace ta kan ƙanƙame hannu a jikinta don tsoron zafi. Tsokar da ba ta motsi kuwa gajarcewa take yi. Idan an haɗa da gashin inji don ƙone saiwar ciwon, nama ya kan ƙara tauri, wani lokaci sai bayan watanni. Idan an cire kaluluwar hammata, wata ta kan ji kamar igiya ta miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Amurka ta ce mata 20 zuwa 30 cikin 100 su kan yi fama da ciwo mai daɗewa bayan wannan aiki. Watau abu ne sananne ga likitoci.

Babban maganinsa motsi ne, sannu-sannu, kullum. A kwanakin farko, muddin robar da ke tsiyayar da ruwa tana jiki, kada a ɗaga hannu ya wuce kafaɗa sai likita ya yarda. Abin yi a lokacin shi ne jan dogon numfashi ta hanci har ciki ya cika, a sake shi a hankali, da juya kafaɗu gaba da baya, da matsa yatsu a buɗe. Bayan an cire robar, sai ta fuskanci bango ta riƙa hawa da yatsu kamar tafiyar gizo, ta tsaya inda ta ji ja, ta ƙirga goma, ta sauko. Ko ta kwanta rigingine a tabarma, ta riƙe muciya da hannu biyu, ta ɗaga ta zuwa bayan kai. Ko ta sa hannuwa a ƙeya ta buɗe gwiwoyin hannu zuwa ƙasa. Sau uku a yini ya isa, kuma bayan wanka da ruwan ɗumi ya fi daɗi. Jin ja ba laifi, amma zafi mai suka alama ce ta a dakata. Wadda aka yi wa gashin inji, lalle kada ta bar wannan motsi ko bayan shekara.

Idan murɗawar ta taso, ta zauna, ta sauke kafaɗu, ta ɗora tafin hannu a wurin, ta ja numfashi a hankali har ta saki. Bayan rauni ya rufe sarai, ana murza tabo da yatsa da ɗan man kaɗanya, kewaye-kewaye.

Yanzu ga inda muke so ku buɗe kunne, don a nan ne al'adarmu ta kan cuce mu. Fatar wurin aikin ba ta ji sosai, saboda jijiyoyin da aka yanke. Idan kun gasa ta da tafasasshen ruwa ko tsumma mai zafi irin na jego, za ta ƙone ba ta sani ba. A gwada ɗumin a ɗaya hannun tukuna, wurin da ake kan yi wa gashin inji kuwa kada a sa masa zafi ko kaɗan. Kada wanzami ya yi ƙaho ko tsaga a ƙirjin nan ko a hannun wannan ɓarin. Muna girmama sana'arsu, amma hannun da aka cire wa kaluluwa ba ya iya yaƙi da cuta kamar da, ƙaramin yanka ya kan jawo kumburin da ba ya sauka. Kada kuma a saya mata tiramadol a kemis. Farasitamol na taimakawa, akwai kuma magungunan saki tsoka da na ciwon jijiya, amma likita ne zai rubuta.

Ku kuma magidanta, da abokan zama, da 'ya'ya: ku karɓe mata taɓarya da tulu da wanki na makonni, har likita ya sallame ta. Amma kada ku kwantar da ita kamar kaya, ku bar ta ta taje kanta, ta ci abinci da hannunta. Ke 'yar kasuwa mai ɗaukar tire, ki nemi yaro ya ɗaukar miki tukuna.

Manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sashen gashin ƙashi, inda ake koya wannan motsi. Ku tambaya a tura ku, hakkinku ne. Mu dai ra'ayinmu a jam'iyya shi ne, kada a sallami mace daga gadon asibiti sai an nuna mata motsin nan da hannu, an ba ta shi a rubuce da Hausa. Matar ƙauye ba ta da kuɗin mota da za ta riƙa zuwa birni kowane mako.

Sai dai akwai alamun da ba a jira da su. Idan ciwon ƙirji ya zo da haki da zufa, ko ya haura muƙamuƙi, ko wurin ya yi zafi ya kumbura da zazzaɓi ko mugunya, ko hannu ya fara nauyi zobe ya matse, ko aka ji sabon ƙullutu kusa da tabo, to a kai ta asibiti a ranar, kada a bari sai ran kasuwa.